Mu ci tuwonmu, mu tsare sukarin jininmu

Jama'ar ƙasar Gaya, manoma da masunta da ƴan kasuwa, maza da mata, yau maganar abinci za mu yi.

A duk faɗin Nijar, ƙasarmu ce ta fi samun ruwan sama. Muna noma gero da dawa da masara. Muna da shinkafa a bakin kogin Isa. Rogo da dankali da rake suna fitowa daga fadamun Bengu da Bana. Doya da gari kuma mun saba da su ta wajen maƙwabtanmu na Benin da Najeriya. Duka abinci ne mai ba da ƙarfi. Amma in sun shiga ciki, abu guda suke komawa, wato sukari.

Mai lafiya ba ya jin komai, don jikinsa ya san yadda zai yi da wannan sukari. Mai ciwon sukari kuwa, duk sanda ya ci ya ƙoshi, sai sukarin jininsa ya yi sama ƙwarai, ya daɗe bai sauko ba. In haka na faruwa kullum, shekara da shekaru, shi ke kawo makanta da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki, da gyambon da ke sa a yanke ƙafa.

Wasu in likita ya ce suna da ciwon, sai tsoro ya kama su. Su bar tuwo, su bar fura, su rame, su kasa aiki. Wasu kuma sai su ce ba za su iya ba, su ci gaba da ci kamar da. Duka biyu kuskure ne. Mai ciwon sukari zai ci tuwon gidansu. Abu huɗu kawai zai lura da su: yawan abin da ya ci, da irinsa, da mahaɗinsa, da abin da ya yi bayan ya wanke hannu.

Ina sukari yake a cikin tuwo?

Wani zai ce: tuwo ba shi da zaƙi, ina sukari a ciki? To, gwada da kanka. Gutsuri ɗan burodi, ko ka ɗauki lomar shinkafa ba miya. Yi ta taunawa, kada ka haɗiye. Bayan minti ɗaya ko biyu za ka ji ɗan zaƙi a bakinka. Miyau ne ya fara farfasa sitacin da ke ciki.

Sitaci shi ne farin garin da ke cikin hatsi da rogo da doya da dankali. Ƙwayoyin sukari ne a jere, kamar duwatsun wuya a zare. In ya isa hanji sai zaren ya tsinke, ƙwayoyin su watse, su shiga jini.

Yanzu mu yi lissafi. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Da safe, kafin ya ci komai, kowace lita tana da sukari wajen giram 1. Ke nan sukarin da ke yawo a jininsa duka wajen giram 5 ne, daidai da ƙwaya ɗaya ta sukarin kwali. To, rabin kilo na dafaffiyar farar shinkafa, wanda ƙato zai cinye a zama ɗaya, yana ɗauke da sitaci wajen giram 140. Wannan ya kai ƙwaya 28. Kun ga aikin da ke gaban jiki.

Yadda jiki ke raba sukari

Duk wanda ya ga gonakin shinkafa na Tara ya san yadda ake ban ruwa. Inji ke jawo ruwa daga kogi, ya zuba a babbar hanyar ruwa. Daga nan sai a buɗe ƙananan ƙofofi, ruwa ya shiga fangali-fangali. In ƙofofin sun buɗe da wuri, ruwa ba ya taruwa. In sun yi tsatsa sun ƙi buɗuwa, inji kuma yana ta zubowa, ruwa zai cika hanya, ya malala, ya zaizaye gefe. Shinkafa kuwa tana can tana jin ƙishirwa.

Haka jikinmu yake. Jijiyoyin jini su ne hanyar ruwa. Sukari shi ne ruwan. Tsokoki da hanta su ne fangalin. Mai buɗe ƙofa wani sinadari ne da ake kira insulin. Wata ƴar tsoka da ke bayan tumbi ce ke yin sa, likitoci suna ce mata pankireyas.

Ga mai lafiya, sukari yana hawa bayan cin abinci, ya kai ƙarshen hawansa cikin wajen awa ɗaya, sannan ya koma daidai cikin awa 2 ko 3. Ga mai ciwon, ko dai insulin ya yi kaɗan, ko ƙofofin sun daina jin maganarsa.

Akwai irin ciwon da ya fi kama yara da samari. Su jikinsu ya daina yin insulin, sai an yi musu allurarsa kullum. A shekarar 1921 ne likita Banting da ɗalibi Best suka samo insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Kafin nan, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa. Ɗaya irin ya fi kama manya, kuma shi ne na mutum 9 cikin 10 na masu ciwon. Gado na kawo shi. Teɓa da yawan zama su ma suna sa ƙofofin su yi tauri. Akwai kuma wanda ke tasowa ga mace mai ciki.

Don haka aiki biyu ne a gabanmu. Mu rage ƙarfin injin, kada sukari ya zubo gaba ɗaya. Mu kuma taimaki ƙofofin su buɗe.

Me ya sa ciwon ke ƙaruwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 1990 masu ciwon sukari a duniya miliyan 200 ne. A shekarar 2022 sun kai miliyan 830. A ƙasashenmu na Afirka, lissafin shekarar 2021 ya nuna manya wajen miliyan 24 ne ke da shi, kuma fiye da rabinsu ba su ma sani ba.

Ba a ɗaukar ciwon wajen wani. Zamanmu ne ya sake. Kakanninmu ma tuwo suka ci, amma a ƙasa suke zuwa gona da kasuwa. A turmi ake daka hatsi, gari ya fito da ɗan tsakinsa. Sukari sai an yi baƙo ko ranar salla. Yau inji ke niƙa gari lilis. Babur ke kai mutum ko'ina. Ga farar shinkafar waje, ga taliya, ga burodi, ga lemun kwalba a kowane shago. Gaya kuma gari ne na kan iyaka da fatauci. Mai shago da direba da ma'aikacin ofis da mai kabu-kabu, duk a zaune suke wuni. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Yaya mutum zai sani?

Ga alamomin da za su sa a je likita:

1. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari, har a tashi sau da yawa cikin dare.
2. Rama, ga shi kuwa ana ci sosai.
3. Gajiya ba a yi aiki ba.
4. Gani dishi-dishi.
5. Rauni ko maruru da ya ƙi warkewa.
6. Tafin ƙafa na zafi, ko ya mutu ba a jin taɓi.
7. Tururuwa na taruwa inda aka yi fitsari.

Amma mutum na iya yin shekaru da ciwon bai ji ko ɗaya ba. Awo kaɗai ke faɗin gaskiya. Ɗigon jini ɗaya ake ɗiba a yatsa. A tambaya a gidan likita na kusa, ko a babban asibitin Gaya. Wanda ya wuce shekara 40 ya kamata ya yi awo. Haka mai teɓa, da mai hawan jini, da wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, da macen da ta taɓa haifar jariri da ya wuce kilo 4.

Ga ma'anar lambobin, a giram cikin lita:

Da safe ba a ci komai ba, daga 0,70 zuwa 1,10 lafiya ce. In awo ya nuna 1,26 ko fiye har sau biyu, ciwon sukari ne. Tsakanin 1,10 da 1,26 kuwa gargaɗi ne, ciwon na bakin ƙofa.

Awa 2 bayan cin abinci, na mai lafiya bai kai 1,40 ba. Mai ciwon ana so nasa ya tsaya ƙasa da 1,80.

A lura. Wata na'ura 126 take rubutawa maimakon 1,26. Duk ɗaya ne. Wanda ya yi awo a Kamba ko wani asibitin Najeriya, ana iya rubuta masa 7,0. Shi ma daidai yake da 1,26. Ma'aunin ne ya bambanta, kamar tiya da kilo.

Dabara ta 1: a rage malmala, a ƙara miya

Yawan sitacin da aka ci shi ya fi komai tayar da sukari. Ko wane irin tuwo ne, malmala biyu ta fi ɗaya. Ga ma'aunin da kowa ke yawo da shi: dunƙule hannunka. Tuwo ko shinkafa ko doya kamar girman wannan dunƙulen ya isa zama ɗaya ga mai wuni a zaune. Mai noma ko su ko daka zai ƙara, don tsokarsa na cinye sukarin.

A kasa kwano huɗu. Kashi biyu ganye da kayan lambu. Kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Kashi ɗaya tuwo.

A kwanon taro ba a sanin abin da aka ci. Uwargida ta fid da wa mai ciwon nasa a ƙaramin kwano. Ya zauna cikin iyalinsa ya ci, ba a ware shi. Kada kuma a haɗa masu sitaci biyu a zama ɗaya, kamar shinkafa da taliya, ko taliya da burodi. In an ƙara miya, kada a ƙara gishiri da dunƙule da mai, saboda hawan jini.

Wuni da yunwa sannan a cika ciki da dare, shi ma ba shi da kyau. Gara a ci kaɗan-kaɗan sau uku, a kan lokaci.

Dabara ta 2: mai tsaki ya fi mai laushi

Duk abin da ya yi laushi ƙwarai, hanji ba ya shan wahala da shi, nan da nan ya zama sukari. Burodi da farar shinkafa da ta dahu luguf da teba da jiƙaƙƙen gari da sakwara, duk masu saurin tayar da sukari ne. Koko da kunun da aka tace su ma haka, don ba a tauna su.

Manomi ya daɗe da sanin tuwon gero ya fi shinkafa riƙe ciki. A shekarar 2018 an buga sakamakon wani awo da aka yi a Bamako. An ga tuwon gero da na dawa da dambun gero sun daɗe a tumbi kusan ninki biyu na shinkafa da taliya. A shekarar 2021 kuma masanan cibiyar ICRISAT, wadda ke da hedkwata a ƙasar Indiya da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun tattara bincike masu yawa. Sun nuna gero da dawa da danginsu ba su kai farar shinkafa da fulawa saurin tayar da sukari ba. Ashe abin da ke rumbunmu ya fi na shago.

Don haka kada a surfe hatsi tas, a bar masa ƴar dusa. Kada a niƙa shi lilis. Dambu mai zogala da yawa ya fi tuwo mai laushi. In shinkafa za a ci, ta gumi, wadda matanmu ke turarawa da ɓawonta kafin a surfa, ta fi fara tas. A dafa ta warara, kada ta caɓe. Dafaffen dankali ya fi gasasshe. Amma a tuna, gero ma sitaci ne. Ma'aunin dunƙulen hannu yana nan.

Dabara ta 3: a fara da ganye

Abin da ya fara shiga ciki shi ke tare hanya. A shekarar 2015, likitoci a birnin Niyok na Amurka sun ba masu ciwon sukari abinci iri ɗaya a ranaku biyu. Rana ɗaya suka fara da burodi da lemu. Ɗaya ranar suka fara da ganye da nama, bayan minti 15 suka ci burodin. A ranar da aka fara da ganye, sukarin da aka auna bayan awa ɗaya ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Wannan ba ya cin kuɗi. Kafin a taɓa tuwo, a ci kwaɗon zogala ko na rama ko na tafasa da ƙuli-ƙuli. A matsa lemun tsami a kai, don tsami na rage saurin hawan sukari. Lokacin lambu a ci salati da kabeji da tumatir da yalo. In akwai kifi ko nama a miya, a fara da shi, kada a ajiye shi sai ƙarshe kamar yadda muka saba. Miyar kuɓewa da ta kuka da ta lalo suna da yauƙi, kuma yauƙin yana rage gudun sukari a hanji.

Da damina ganye ba ya tsada. A tsinka da yawa, a shanya a inuwa, a adana don rani.

Dabara ta 4: wake abokin shinkafa

A shekarar 1981, likita David Jenkins da abokan aikinsa a Toronto sun auna abinci iri-iri, don su ga wanne ya fi saurin tayar da sukari. Wake da danginsa suna cikin waɗanda suka fi jinkiri.

Mutanen Indiya su ma masu cin shinkafa ne kamar mu, kuma a lissafin shekarar 2023 suna da masu ciwon sukari miliyan 101. A shekarar 2014, masu bincike a birnin Cennai na ƙasar sun gwada shinkafar da ba a goge dusarta ba, ita kaɗai, da kuma haɗe da dangin wake. Hawan sukarin wuni ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100 a kan na farar shinkafa.

Mu wake ba baƙonmu ba ne. In za a dafa shinkafa da wake, a sa ma'auni ɗaya na wake, ɗaya na shinkafa. Waken ya fi yawa ma ya fi kyau. Alala da ƙosai da awara da kwaruru da gyaɗa duk suna riƙe ciki. A dai rage soye-soye, don mai na kawo ƙiba. Wanda nama ya fi ƙarfinsa, ga busasshen kifi, ga ƙwai, ga nono.

Dabara ta 5: a kula da abin sha

Sukarin da aka sha a ruwa ya fi kowanne gudu. Kwalba ɗaya ta lemun kamfani tana ɗauke da wajen ƙwaya 7. Malta da ake kai wa maras lafiya ita ma cike take da sukari. Madarar gwangwani mai kauri, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Zoɓo da lemun citta da na tsamiya da ake ƙullawa a leda, duk sai an zuba musu sukari da yawa.

A shekarar 2015, OMS ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce wajen giram 50 a rana, wato ƙwaya 10. In ya tsaya a ƙwaya 5 ya fi. Wannan ga mai lafiya ke nan. To, a ƙirga na shayin fada, na fari da na biyu da na uku, safe da yamma.

Mai ciwon ya sha ruwa. Shayi da zoɓo ya sha su ba sukari. In ba zai iya bari rana ɗaya ba, ya rage rabi wannan mako, ya sake rage rabi mako mai zuwa. Harshe na sabawa. Fura a dama ƴar kaɗan da nono mai yawa, ba sukari. Fura abinci ce cikakkiya, kada a ɗora ta a kan tuwo.

Dabara ta 6: a tashi a taka

Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini, ko insulin ya yi kaɗan. Wannan shi ne buɗe ƙofofin fangali. A shekarar 2016, a ƙasar Niyu Zilan, an gwada masu ciwon sukari 41. An ga tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi tafiyar minti 30 a wani lokaci dabam rage hawan sukari. Amfanin ya fi fitowa bayan abincin dare.

Mu kuwa tuwon dare shi ne babba, kuma daga shi sai tabarma. A sake wannan. Bayan an wanke hannu, a taka minti 10 ko 15. Maigida ya zaga ya duba dabbobi, ko ya taka zuwa masallacin da ke ɗan nesa. Uwargida ta yi shara, ko ta zagaya tsakar gida. Tsoho da ƙafa ta gaza, ya zauna ya riƙa ɗaga dugadugansa yana saukewa. A sa takalmi, a riƙe fitila. Mai ciwon sukari ba ya tafiya ba takalmi, don ƙaya na iya sukarsa bai ji ba. Kowane dare ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu.

Rake da zuma da mangwaro fa?

Ruwan rake sukari ne, daga gare shi ma ake yin na kwali da mazarƙwaila. Zuma ma sukari ce. Mai ciwon ya yi nesa da su. Mangwaro da gwaba da lemu da kankana ba a hana shi ba. Ya ci ƙaramin mangwaro ɗaya, ko rabin babba, ko lemu ɗaya. Ya tauna da tsokarsa, kada ya matse ya sha ruwan. Kada ya zauna gindin bishiya ya sha biyar. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Misalin abincin wuni ɗaya

Da safe: alala ko ƙosai ko ƙwai, da ƙaramin kofi na kunu ba sukari. Ko ɗan ɗumame da miya mai yawa.

Da rana: kwaɗon zogala tukuna, sannan wake da shinkafa rabi da rabi. Ko dambu mai ganye da yawa.

Da la'asar, in an ji yunwa: tafin hannu na gyaɗa, ko gwaba ɗaya.

Da dare: kifi da miyar kuɓewa, da tuwon gero ko na dawa kamar dunƙulen hannu. Sannan tafiya.

Mai na'urar awo a gida ya auna kafin ci, ya sake aunawa bayan awa 2. Ya rubuta abin da ya ci da lambar da ta fito a littafi. Jiki ya bambanta. Cikin mako biyu zai gane abincin da ya fi tayar masa da sukari. Ya kai wa likita littafin.

Biki da azumi

A gidan suna ko aure, ba dole a cinye duk abin da aka kawo ba. A ci nama da ganye, a ɗan taɓa shinkafa, a nemi ruwa maimakon lemu. Faɗin cewa kana da ciwon sukari ba abin kunya ba ne.

Kafin watan azumi, mai ciwon ya ga likita. Wani zai iya azumi in an gyara masa lokacin shan magani. Wani kuwa azumi haɗari ne gare shi, kuma addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Wajen buɗa baki a fara da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, sai ƙosai ko kwaɗo. Kada a haɗa kunu mai sukari da lemu da fanke da shinkafa a zama ɗaya. In awo ya sauka ƙasa da 0,70, ko ya wuce 3, likitoci sun ce a karya azumin.

Hattara da abu uku

Na ɗaya, sukari na iya faɗuwa. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin gilibenkilamid, in ya rage abinci ko ya yi aikin ƙarfi, sukarinsa na iya sauka ƙasa da 0,70. Zai ji rawar jiki da zufa da yunwa da jiri da bugun zuciya. Nan take ya sha ƙwayar sukari 3 a ruwa. In bai ji sauƙi ba bayan minti 15, ya ƙara 3, sannan ya ci abinci. Kullum ya riƙe sukari a aljihu. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Saboda haka, kafin ya sake tsarin abincinsa ya gaya wa likita.

Na biyu, waɗannan dabaru ba sa maye gurbin magani. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya ko allura kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai tallan magani a kasuwa zai ce ɗaci ne maganin zaƙi, ya sayar maka da sassaƙe a kwalba. Ɗacin baki ba ya gyara pankireyas, kuma wani jiƙon yana lalata ƙoda da hanta. Zogala abinci ce mai kyau, a ci ta a kwaɗo da dambu, amma ba a barin magani dominta.

Na uku, ba kowa ake rage wa abinci ba. Yara masu tasowa da mata masu ciki da masu shayarwa da wanda ya rame, suna bukatar cikakken abinci. In suna da ciwon, likita ne zai tsara musu.

Aikin gida ne duka

Mutum ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Maigida ke ba da kuɗin cefane, ya sa wake da ganye a lissafi. Uwargida ke riƙe da ludayi da mara, ita ce za ta auna. Ƴaƴa su raka tsohonsu tafiyar dare. Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. Abincin da ya dace da mai ciwon ya dace da kowa a gidan, kuma shi zai tsare ƴaƴan da ke da gadon ciwon.

Kada a ce sai an yi dabarun shida a rana ɗaya. Wannan mako a fara da tafiya bayan tuwon dare. Mako mai zuwa a rage sukarin shayi. Na gaba a fara cin kwaɗo kafin tuwo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar 14 ga watan Nuwamba na kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar likita Banting. Amma kada a jira ta. Wanda ya wuce shekara 40 bai taɓa awo ba, ranar kasuwa mai zuwa ya fito da sassafe bai karya ba, ya biya ta gidan likita a ɗiba masa ɗigon jini. Rigakafi ya fi magani.